Ku Bar Ƙwarangwal Ya Yi Waƙarsa

A watan Disambar 2021 na je Sakkwato duba 'yan'uwa. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu, iyalai uku suka cunkusu a ciki, dukkansu daga ƙauyenmu na ƙasar Sabon Birni, can kusa da kufan Alƙalawa. Wata uku ke nan da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da tamu da ta Isa, kuma ba a yi sati biyu ba da ƙona motar matafiya a Gidan Bawa da mutane a cikinta. Manya ba su da hira sai ta wa aka ɗauke, nawa aka nema, wa aka sako. Yara kuwa babu makaranta, babu filin wasa, ana ta korar su daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, saboda haka duk inda na sa ƙafa kwamfutata na cikin jaka. Da aka kawo wuta sai na tara yaran na kunna musu wani tsohon fim ɗin 'yar tsana da na daɗe ina so, Corpse Bride, labarin wata amarya da ta mutu da kayan aurenta a jiki. Ba su jin Turanci, ina yi musu fassara sama-sama. Da aka zo wurin da ƙwarangwal mai ido ɗaya yake rera waƙa, sauran ƙwarangwal suna amshi suna kaɗa haƙarƙarin juna kamar ganga, sai ɗiyar yayata, 'yar shekara tara, ta fashe da dariya. Uwarta ta leƙo daga madafa ta tsaya tana kallon ta. Daga baya take gaya mini tun daren da suka gudo ba ta ji muryar yarinyar ta ɗaga haka ba. Sau biyar muka maimaita waƙar.

A na shida Kawu ya shigo. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Kai ɗan nan, mi kaka gwada ma ɗiyan ga? Ana kashe mutane gida, kai ka taho kana nuna musu ƙassan matattu na rawa? Ba ka jin tsoron Allah?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, Kawu." Na rufe kwamfutar.

Da daddare muka fita wurin mai shayin bakin layi. Wasu samari na zaune a benci, wayar ɗayansu tana fitar da waƙar nan da aka yi wa Bello Turji, wadda ta karaɗe wayoyi a shekarar, ana zuga shi ana kiran sa gwarzo. Kawu yana zaune a benci ɗaya da su, yana kurɓar shayinsa. Mutumin da ake wasawa a cikin waƙar, shi da irinsa ne suka raba Kawu da gonarsa da rumbunsa. Bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba. Amma tun daga ranar maganar take ci na, kuma yau zan faɗe ta.

An bar jaki ana dukan taiki. Mun zama mutanen da ke jin haushin waƙar da ke yi wa mutuwa dariya, muna kau da kai daga waƙar da ke yi wa mai kisa kirari. Ina nan a kan cewa waƙar barkwanci mai ɗaci, irin wadda ke sa ka dariya gabanka yana faɗuwa, tana cikin abubuwan da yankinmu ya fi buƙata a yanzu. Ba baƙuwarmu ba ce, mu ne muka yasar da ita. Kuma masu hana ta da sunan tausayi ko tarbiyya, ko sun sani ko ba su sani ba, aikin ɗan bindiga suke sauƙaƙawa.

Bari in fara da fim ɗin, don wanda bai gan shi ba. An fitar da shi a 2005. Tim Burton da Mike Johnson suka ba da umarni, Danny Elfman ya tsara kiɗan. Da 'yan tsana aka yi shi: a motsa hannun 'yar tsana kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsawa a ƙara ɗauka, hoto 24 kafin a samu daƙiƙa ɗaya. Fim ɗin minti 77 ne, kai ka yi lissafin. Labarin wani saurayi ne, Victor, ɗan masu sayar da kifi da suka yi kuɗi, za a aura masa Victoria, 'yar gidan sarautar da ya karye. Ya kasa haddace kalmomin alƙawarin aure, ya shiga daji yana bita, ya zura zoben a wani abu da ya ɗauka saiwar itace ce. Ashe yatsar gawa ce. Amaryar ta taso daga ƙasa ta ce ai an ɗaura, ta ja shi zuwa garin matattu.

Waƙoƙi huɗu ne kacal a ciki, kowacce da inda take sara. Ta farko iyayen ango da na amarya ne ke rera ta. Waɗannan suna murnar za su shiga dangin sarauta, waɗancan suna toshe hanci suna lissafin kuɗin da zai fitar da su daga talauci. Babu wanda ya tambayi yaran. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake yanka sadaki ana leƙen motar da dangin ango suka zo da ita, ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane waƙar nan.

Ta biyu ita ce wadda ta sa yarinyarmu dariya. Ga abin da ƙwarangwal ɗin yake ba da labari: amaryar nan kyakkyawa ce, wani baƙo ya yaudare ta ya ce su gudu su yi aure, ta taho da zinariya da gwala-gwalan gidansu. Ta jira shi ƙarƙashin itace cikin dare. Ya zo ya kashe ta ya kwashe dukiyar. Wannan labari, in a rediyo ka ji shi, salati za ka yi. Amma an ɗora shi a kan kiɗa mai sauri, mai sa ƙafa motsi, da ƙaho da ganga da wani abin kiɗa na katako mai ƙara kamar ana buga ƙashi da ƙashi. Kunne yana jin biki, zuciya tana jin makoki, kuma ba ɗayan da ya danne ɗaya. Nan daɗin yake. Waƙar baƙin ciki zalla tana danne ka ka kasa tashi. Waƙar nishaɗi zalla, a irin halin da muke ciki, ƙarya take yi maka, kuma kana sane. Wannan kuwa ta yarda an yi kisa, ta faɗi yadda aka yi, sannan ta ƙi yarda a sunkuyar da kai. A ƙarshen fim ɗin an gano wanda ya yi kisan, yana tsakiyar yi wa amaryar izgili ya ɗauki kofin guba ya shanye da hannunsa. Matattun da ya raina su suka ja shi.

Akwai wani abu kuma da kunnen Bahaushe ke kamawa nan take: jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa. Elfman ya ɗauko salon ne daga kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, musamman irin na Cab Calloway, wanda tun a farkon shekarun 1930 ake sa muryarsa a finafinan zane masu fatalwa da ƙwarangwal. Su kuma waɗancan, kakanninsu daga wannan gefen teku aka kwashe su, da salon jagora da amshi a bakinsu. A birnin New Orleans har yanzu ana raka gawa maƙabarta da kiɗa mai sanyi, a dawo da mai zafi. Yarinyar da ba ta jin Turanci ba ta rasa hanya a cikin waƙar ba, saboda ginin irin na gidansu ne.

Wanda ya ce dariya a gaban abin tsoro ɗabi'ar Turawa ce, ya manta da wa ya raine shi. Kakata da ta yi mana tatsuniya a tsakar gida, labaranta cike suke da Dodo mai haɗiye 'yan mata, da kishiyar uwa mai tura marainiya inda ba a dawowa, da Ta-Kitse da ta narke a rana. Kusan kowace akwai 'yar waƙa a tsakiya, muna amshi muna tafi, Gizo yana tsamin baki muna birgima don dariya, alhali yanzun nan aka cinye wani. Ba wanda ya ce tsohuwar ba ta da tausayi.

Ga tashe. Daga goma ga azumi yaro zai manna gemun auduga ya tura tsumma a ciki, ya fito yana kwaikwayon tsoho mai kwaɗayi, ko malami mai cin haƙƙin almajirai, ko maigidan da ya kasa riƙe gida. Da waƙa ake yi, da amshi, da kayan ɓad-da-kama. In ka cire kwamfuta, mene ne bambancinsa da fim ɗin zane mai waƙa? A 'yan shekarun nan har a Kano 'yan sanda sun sha hana tashe saboda ɓata-gari. A ƙauyukanmu kuwa ba sai an hana ba, wa zai bar ɗansa ya fita bayan isha'i?

Ranar da kakar tawa ta rasu, mu jikoki mun ɗaura zanenta mun ɗauki sandarta muna kwaikwayon tafiyarta da yadda take faɗa in an taɓa mata goro. 'Ya'yanta suna hawaye suna dariya, suna ba mu kuɗi don mu ƙyale su. Al'ada ce ta ba mu wannan izini, domin waɗanda suka kafa ta sun san akwai nauyin da kuka kaɗai ba ya saukewa. Saurari waƙar Shago ta Ɗan Anace, ka ƙirga sau nawa aka ambaci mutuwa da kabari da lahira, sannan ka dubi fuskokin dattawan da ke sauraro a majalisa. Murmushi za ka gani.

Uwa-uba Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Yau an fi tuna shi da Bakandamiya da zurfin hikima, amma rabin ƙarfin makaɗin fada a zambo yake. Kuma zambo yana da doka: ba a kama suna. Sai a siffanta mutum da tafiyarsa, ko rawaninsa, ko a mayar da shi wata dabba, kowa a fada ya gane wanda ake nufi, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara, don in ya kai ya amsa sunansa. Manyan mutane masu dawaki da barori sun fi tsoron baiti biyu na makaɗi fiye da bulala. Wannan makami a ƙasar Isa aka wasa shi. Yau ƙasar Isa ce ta fi kowa buƙatarsa, kuma yana rataye ya yi tsatsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wanda aka kashe wa uba ba ya son barkwanci. Gaskiya ne, akwai ranar da ba a dariya, kuma babu mai hankalin da zai shiga zaman makoki da kiɗa. Amma mu ba kwana uku muke ciki ba. Tun wajen 2019 mutanenmu suke tsallakawa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi neman mafaka. Yaron da aka haifa a shekarar yau ya isa shiga aji. Za mu ce masa ya ɗaure fuska har sai ranar da aka gama? Yaushe ce ranar? Masu cewa kada a yi dariya galibi suna zaune ne a inda suke barci da ido biyu rufe. Je ka zauna da waɗanda suka dawo daga daji bayan an biya kuɗin fansa. Bayan kuka, abu na biyu da ke fitowa daga bakinsu labarin ban dariya ne: yaron da ke gadinsu da bindiga bai iya ƙirga kuɗi ba sai da ya kira wanda aka kama ya taya shi, ko wanda ya kwace waya ya dawo yana roƙon a nuna masa yadda ake buɗe ta. Da wannan dariyar suke karɓo mutuncinsu daga hannun wanda ya wulaƙanta su. Wane ne kai da za ka hana su?

Za a kuma ce, ai irin wannan tunani ne ya haifar da waƙar Turji, kuma ga Gambu da ya yi suna da waƙar ɓarayi, ga Kassu Zurmi. Wannan hujja tana da nauyi, ba zan tsallake ta ba. Ba duk waƙar da ta shiga duhu nake karewa ba. Na yi dariya da waƙoƙin Gambu, amma ba zan ce ba su taɓa ƙara wa wani ɓarawo ƙarfin hali ba. Ma'aunin da nake riƙe da shi ɗaya ne: in waƙa ta ƙare, wa ya ƙanƙance, wa ya ƙara girma? A waƙar ƙwarangwal, wadda aka kashe ce ta samu murya da dangi masu tsaya mata, wanda ya kashe ta ya fito a matsayin maƙaryaci mai kwaɗayin zinariya. A waƙar Turji, mai bindiga ne ya cika fili, waɗanda aka ƙona a mota ko ambatonsu babu. Duk biyun sun taɓa mutuwa, amma ɗaya zambo ce ɗaya kirari. Bagobirin da ya kasa bambance zambo da kirari, ban san me ya gada ba.

Jarin ɗan bindiga tsoro ne. Bindigar ma tsoron take saya masa. Mutum goma a kan babura suna tashin gari mai mutum dubu saboda sunan ya riga su isowa. Shi ya sa suke ɗaukar bidiyo, shi ya sa suke fitowa a TikTok suna baje kuɗi, shi ya sa suke son mawaƙa. Sun fahimci abin da mu masu digiri muke yi kamar ba mu gane ba. Ni da nake wannan aiki na san yadda manhajojin nan suke: ba ruwansu da alheri ko sharri, abin da ido ya daɗe a kai shi suke ƙara turowa. Duk wanda ya tsaya ya kalli bidiyon ɗan bindiga har ƙarshe, ko da tsinuwa yake yi, ya taya shi talla. A watan Agustan 2024 bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana ɗaure a hannunsu yana roƙon a cece shi, ya shiga kusan kowace waya a Arewa kafin a ji labarin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Mun yi ta turawa juna muna kuka. Su abin da suke so ke nan: a ga sun kama sarki, a ce to wa ya rage? Me muka tura a madadinsa? Wace waƙa muke da ita da ke rage musu tsawo a idon yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda yau yake ganin babur da bindiga su ne girma?

Kuma ba abin zambo muka rasa ba. A ƙarshen 2021 jaridu sun ruwaito 'yan bindiga suna sauke masu gari a wasu ƙauyukan Sabon Birni suna naɗa nasu. Ɓarawo yana yanka haraji, yana ba da izinin noma, yana zaman shari'a. Ga infoma, wanda da rana yana sahun gaba a jana'iza, da dare yana ba da lambar waya. Ga ɗan siyasar da ke zuwa jaje da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, a tabbatar an ɗauki buhun ta gefen da sunansa yake. Ga zaman sulhun da ake yi wanda ya yi kisa yana kan kujera, wanda aka kashe wa ɗa yana kan tabarma. Da Narambaɗa yana raye, wannan kaɗai ya ishe shi aikin shekara. Ka ɗauka an zana kura da rawani tana rantsar da 'yan majalisarta, ungulu yana rera waƙar ta'aziyya yana lashe baki, awaki suna amshi. Wa zai kalla bai gane ba? Wa kuma zai iya cewa da shi ake?

A nan ne zane ya fi fim ɗin mutane. Mawaƙin da ke zaune a Isa ko Gatawa ba zai iya fitowa da fuskarsa ya yi wa waɗannan mutane zambo ba, kuma ba zan zauna a birni in ce ya yi ba. Amma kurar zane ba ta da ƙauye, ba ta da uwa da za a je a ɗauke. Murya ana iya sauya ta. Abin da gemun auduga yake yi wa ɗan tashe, shi zane yake yi wa mai zambo.

Saura maganar Kawu, ta tsoron Allah. Ba na wasa da ita. Abin da ke bayan mutuwa ba a fim ake koyon sa ba, kuma ban taɓa ganin yaron da ya kalli ƙwarangwal na rawa ya tashi da sabuwar aƙida ba, kamar yadda ban ga wanda ya ji tatsuniya ya yarda gizo-gizo yana da mata mai suna Ƙoƙi ba. Yara sun san inda ƙurunƙus take. Hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ni da masu sauraron kiɗa nake magana, kuma wayoyinmu sun shaida muna da yawa. Ban ma ce mu kwaikwayi ƙwarangwal da maƙabartar Turawa ba. Muna da kura da dila da Gizo da Ɓotorami, sun ishe mu.

Kada kuma wani ya ce Bahaushe bai iya wannan ba, ko sai an je Amurka. Tsallaka iyaka zuwa Tawa. A can Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa, mutumin da ake lissafawa cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A 1966, Nijar tana da shekara shida da samun 'yanci, ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jan kafet da duk wani kumburin mulki, kwaɗi ne ke yi. Ya yi wani mai suna Kokoa, inda 'yan tsanan dabbobi ke kokawa a fili da makaɗa da mai sanarwa. Ya rasu a 2015. Da hannu ya yi, da kayan da ya harhaɗa da kansa, a lokacin da yi wa shugaba dariya ba ƙaramar kasada ba ce. Daga Sabon Birni zuwa Tawa bai kai nisan Sabon Birni zuwa Abuja ba, amma a cikin abokaina masu digirin kwamfuta ban samu uku da suka taɓa jin sunansa ba.

Laifin a nan namu ne, mu masu wannan sana'a. Manhajar Blender kyauta ce. Wayar da ke hannunka ta fi duk kayan da Alassane ya taɓa riƙewa ƙarfi. A kudu an yi Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, cikakken fim ɗin zane na Nijeriya. Mu kuma in mun taɓa zane, sai dai koyar da baƙaƙe da ƙirga, ko wa'azin da yaro ke hango ƙarshensa tun daga minti na farko. Waɗannan suna da amfani, amma ba su kaɗai ba ne aikin. Mawaƙanmu na fim suna da murya, suna da masu saurare har Agadas da Kumasi da Sudan, amma in ka cire soyayya da biki da 'yan siyasa, kaɗan ne ke saura. Waƙoƙin alhini a kan tsaro ana yi, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai kusan dukkansu kuka ne da roƙo, kuma kuka bai taɓa rage wa azzalumi kwarjini ba. Ƙara masa yake yi.

Hukuma ma ba ta taimaka ba. A watan Agustan 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga, ta ce an ɗaukaka ta'addanci. Gidan talabijin mai adireshi shi ake iya kamawa. Waƙar kirarin da ke yawo daga waya zuwa waya ta hannun masu tura finafinai a bakin kasuwa, ba ta da ofishin da za a kai wa takarda. Doka ba za ta cire ta daga kunnen yara ba. Waƙa sai waƙa. Sai an samu wadda ta fi ta daɗi, wadda yaro zai riƙa rerawa a hanyar rijiya ba tare da an sa shi ba, wadda za ta sa in an ambaci ɗan bindiga abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kura da rawani a karkace.

Ban ce waƙa za ta buɗe hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo ba. Wannan aikin masu ɗamara ne da waɗanda muka zaɓa, kuma ba mu yafe musu ba. Abin da na ce shi ne akwai wani fagen da ake fafatawa a cikin kawunan yaranmu, a can kuwa ɓangare ɗaya ne ke da makaɗa.

Bara na koma gidan nan na Sakkwato. Iyali biyu sun rage, ɗaya ya koma gida ya sake dawowa. Yarinyar ta girma, ta fara jin kunyata. Na tarar ta cika bayan littafin lissafinta da zane: kuraye a kan babura, ɗaya ta faɗo ƙafafu a sama. Ta ce tana da waƙarsu, amma ba za ta rera a gaban manya ba. Kawu yana gefe a kan buzunsa yana jan carbi, ya miƙo hannu aka ba shi littafin. Ya daɗe yana duban kurar da ta faɗi. Sai ya ce, "Wagga ta yi kama da wane," ya ambaci sunan wani infoma da duk ƙauyenmu ya sani. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya kai hannun riga ya rufe baki.

Na ɗauki hoton shafukan da wayata. Ina koyon yadda ake sa su motsi, hoto 24 a daƙiƙa. Mai kalangu nake nema, da mutum huɗu masu amshi.